Murhun Ƙarfe a Ɗakin Mai Jego

Da na dawo gida, ƙauyenmu da ke cikin tsaunukan yankin Mokhotlong, bayan shekara tara ina karatu a ƙasar da ɗumi ke fitowa daga jikin bango ba tare da an ga wuta ba, ban ɗauki kafa murhu a ɗaki a matsayin sana'a ba. A ganina akwatin ƙarfe ne da bututu: a ajiye wannan, a soka wancan, a ƙyasta ashana. Shi ya sa na yi dariya da innata ta ce Ntate Phakiso, wato Baba Phakiso, zai zo ya kafa mana, amma sai mun ba shi kwana uku. Da ya zo kuma na ga dattijo yana shinshina bango, yana kanga gashin kaza a bakin kowace mahaɗar bututu don ya ga ko iska na fita, yana tambayar wa ke kwana nesa da ƙofa, sai na yarda da abin da samarin gari ke faɗa, wai matsoraci ne ya dace da sana'ar da ta yi daidai da shi. A cikin kwana ukun nan na ji labarin ɗakin Nkhono 'Makhauta, wato Kaka 'Makhauta, rabi daga bakinsa, rabi daga bakin matarsa da ke kawo masa abincin rana. Ga shi yadda na harhaɗa shi.

Phakiso ya yi shekara goma sha bakwai yana walda a ramin zinariya a Afirka ta Kudu. Da aka sallame su ya dawo ƙauyensu, Ha Mpeli, da akwatin kayan aiki da wani tari da ba ya rabuwa da shi. Cikin abokan sallamarsa wasu sun sayi tumaki, wasu sun sayi mota sun kashe ta a hanyar dutse. Shi kuwa ya shiga kafa murhun ƙarfe a ɗakunan mutane, ya kuma ɗaura yaƙi da paola. A lokacin babu gidan da ba shi da paola. Tsohon bokitin ƙarfe ne ake huhhudawa, a cika shi da gawayi ko busasshen kashin shanu, in ya yi ja a shigar da shi ɗaki a rufe ƙofa. Duk ɗakin da Phakiso ya tarar da shi sai ya ɗauke ya fitar, ko gidan wa ne, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Haka ya samo sunan Ramosi, wato uban hayaƙi. In ya ɓullo a kan dokinsa sai ka ji mata suna cewa, "Ku ɓoye bokiti, ga Ramosi nan."

A watan Yuli na wata shekara, tsakiyar sanyi, surukin Nkhono 'Makhauta ya aiko da sabon murhu daga babban birni, Maseru. Matarsa Moliehi ta dawo ɗakin uwarta don haihuwar fari, ana sa ran sai watan Satumba, yana so kafin nan ɗakin ya yi ɗumi. Aka kira Phakiso.

Ɗakin zagayayye ne, na dutse da laka, da jinkar ciyawa. Phakiso bai taɓa fitar da bututu ta jinka ba, ya ce ciyawa da ƙarfe mai zafi ba su zama maƙwabta. Ranar farko ya zare duwatsu biyar daga bangon da ke bai wa iska baya, ya ratsa guntun bututu ta ramin, ya cike gefensa da laka da tsakuwa. Rana ta biyu ya ɗaura gwiwar waje, wato lanƙwasar da ke juya bututun sama, mai ɗan murfi a gindinta don sharar toka, ya miƙar da dogon bututu har ya wuce jinka da kamu biyu, ya riƙe shi da ƙarafa, ya sa masa hula. Murhun kansa a tsakar gida ya hura shi wuni guda, har warin sabon fenti ya ƙone, sannan aka shigar da shi aka ɗora a kan faffaɗan dutse. Saura kawai a haɗa murhu da bango: bututu biyu da gwiwa ɗaya, aikin da bai kai a dafa wake ba. Nan ya ga waɗanda aka aiko sun yi wa bakin murhun kaɗan. Ya ɗaura sirdi ya nufi Mokhotlong neman daidai, dusar ƙanƙara ta rufe hanya a bayansa, ya kwana huɗu a can.

Ranar da ya dawo, da hantsi, bututu biyu ɗaure a gefen sirdi, tun daga bakin shinge ya hango karan rafi guda biyu a soke cikin jinka, daidai saman ƙofar. Ya ja linzami. An haihu ke nan, kuma daga ranar da aka soke karan nan har ranar da za a zare shi, ƙafar namiji ba ta shiga ɗakin. Sai idonsa ya sauka ƙasa. A gefen dokin ƙofa ga paola, tokarsa tana ɗan tururi.

Nkhono 'Makhauta ta fito tana gyara bargonta. Tsohuwa ce gajera, mai muryar da ake ji daga tsallaken kwari.

"Tsaya inda kake, Ntate. Ko idonka bai ga kara ba?"

"Na gani, Nkhono. Yaushe?"

"Shekaranjiya da asuba. Namiji ne. Bakwaini, bai cika tafin hannuna biyu ba."

"Barka, barka. Allah ya raya." Ya sauka daga doki, ya nuna da haɓa. "Wannan fa?"

"Wannan? Bokiti ne. Ko a Maseru bokiti ake ce masa."

"A ciki ya kwana?"

"A'a, a waje muka bar shi ya ji ɗumi shi kaɗai. Kai Ramosi! Jariri kamar ɗan ɓera a watan Yuli, da me zan ɗumama shi? Da ramin da ka fasa mini a bango ka tafi yawon birni?"

Phakiso ya dubi bokitin. Ya ce, "Moliehi na ciwon kai?"

Tsohuwar ta kau da kai. "Wace mai jego ce ba ta ciwon kai?"

"Ke fa?"

"Ni tsufa ne."

"Yaron yana kama nono?"

"Jiya ya kama. Yau barci yake. Yaron kirki ne, ko kuka ba ya yi."

Phakiso ya dafa wuyan doki. Ya san wannan barcin. Hayaƙin da ido ke gani ba shi ne abin tsoro ba, wannan kam yana sa tari, mutum ya tashi ya buɗe ƙofa. Wanda paola ke fitarwa bayan ya yi ja ba shi da launi, ba shi da wari. Babba yakan tashi da ciwon kai. Ƙarami sai ya yi ta barci. Dare biyu ke nan, ga na uku yana tafe, ga gajimare yana taruwa a kan duwatsun yamma.

"Nkhono, ki bar ni in shiga. Sa'a ɗaya. Zan rufe idona da ƙyalle in kin ce."

"Idonka na ce? Ƙafarka nake magana. Kwana huɗu kana taka Mokhotlong, wa ya san abin da ka tako? Uban yaron ma da ya zo yau a nan zai tsaya, inda kake tsaye."

"To a mayar da su wancan ɗakin, in gama, a dawo da su."

"In fito da bakwaini cikin wannan iskar? Ka taɓa ganin an fitar da jariri kafin a zare kara?"

"To kada bokitin nan ya ƙara shiga."

"In bai shiga ba sanyi ya ɗauke mini shi kafin gari ya waye. Ka zaɓa mini, tunda kai ne mai ilimin rami."

Gaskiyarta ce, kuma ya sani. Asibiti tafiyar rabin wuni ce a kan doki, hanyar da shi kansa da ƙyar ya ratso. Ya tsaya yana kallon bututun da ya miƙar da hannunsa, yana ƙyalli a banza. Can ya ce, "Mace fa?"

"Mace me?"

"In mace ce za ta haɗa?"

"Mace ta shiga mana. Sai dai ban san wadda ta yi walda a ramin zinariya ba."

Gidansa yana tsallaken rafi. Ya tarar da matarsa 'Malimpho tana tuƙa tuwon masara, ta ɗago ta dube shi.

"Ka dawo? Na ce ko wata 'yar birni ta riƙe ka da shayi."

"Moliehi ta haihu."

"Na riga ka ji. Har na aika musu da garin kunu."

"Aikawa kika yi."

Ta ci gaba da tuƙi. Kowa a Ha Mpeli ya san 'Malimpho ba ta shiga ɗakin mai jego. Takan aika da gari, ta aika da sabulu, ta tsaya a shinge ta yi barka. Shekara ashirin da shida ke nan. Sunan da ake kiranta da shi ma'anarsa uwar Limpho, 'yarta ta fari, wadda ta yi kwana goma sha tara a duniya. A ɗakin uwar 'Malimpho aka haife ta, cikin sanyi irin wannan. Phakiso ya zo hutu daga rami a lokacin, ya zauna a kan dutse a tsakar gida yana jin kukanta ta bango, yana jiran a zare kara ya ga fuskarta. Wata yamma ya ga an ɗauki paola an shiga da shi. Da safe uwa da kaka suka tashi da amai da ciwon kai, yarinyar ba ta tashi ba. Sun sami maza biyu bayanta, duk a lokacin zafi, duk sun girma sun tafi, amma sunan bai canza ba.

"Da paola suke kwana," in ji Phakiso. "Yaron ya daina kama nono. An ce barci yake."

Muciyar ta tsaya a cikin tukunya.

"Bututu biyu ne da gwiwa. Ina waje ina faɗa miki."

"Ni? Ni da kake cewa ko ƙusa ban iya riƙewa ba?"

"Shekara nawa kina kallona ina yi?"

"Ina kallonka kana zagin ƙarfe dai." Ta goge hannu a zaninta, ta sake gogewa. "Ka nemi wata, Ntate. Ga matar malamin makaranta, tana da ƙarfi."

"Ba ta san abin da ake gudu ba. Ke kin sani."

Ta dubi wutar. Sannan ta sauke tukunyar, ta rufe, ta ɗauko bargonta mai kauri ta soke shi da fil a ƙirji. "In na haɗa ya karkace, kada in ji bakinka."

Da suka iso rana ta karkata, iska ta canza. Nkhono 'Makhauta ta buɗe baki za ta yi tsiya, ta ga wadda ke biye da shi, ta fasa. A hankali ta ce, "Shigo, 'yata." 'Malimpho ta tsaya a ƙarƙashin karan nan kamar mai auna zurfin rafi, sannan ta sunkuya ta shige. Phakiso ya miƙa kayan ɗaya bayan ɗaya daga nesa, tsohuwar tana karɓa: bututu, gwiwa, sukurudireba, ƙullin noti, gwangwanin simintin wuta. Ya koma gefen ƙofa ya jingina bayansa da bango, fuskarsa na kallon kwari, yadda muryarsa za ta shiga idonsa bai shiga ba.

"Kin gan shi?" ya tambaya.

"Murhun? Ga shi kamar akwatin gawa."

"Yaron."

Ya ji ta matsa ciki. Sannan ta ce, "Na gan shi. Faɗi abin da zan yi."

Ya faɗa mata ta ɗauki bututun farko, ta duba bakinsa biyu, ɗaya a tsuke yake da ƙananan lanƙwasa. Tsukakken shi ne ƙasa.

"Ka rikice, Ntate. Hayaƙi sama yake tafiya. In tsukakken yana ƙasa ai ta mahaɗa zai tsere."

"Hayaƙi ba ya tserewa in bututu na ja. Kwaltar da ke taruwa a ciki ita ke gangarowa. In kika juya shi, ta waje za ta zubo, ta kama wuta."

"Ji mutum. Shekara talatin bai taɓa yi mini bayani ba sai yau."

"Ba ki taɓa tambaya ba."

Ya ji ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe, ya ji ta yi tsaki, ya ji Nkhono tana cewa a ɗaga ta nan, a'a ta can. Noti ɗaya ya faɗi, aka yi ta laluben sa a ƙasa. Duk wannan lokacin kunnensa ba a kan ƙarfen yake ba. Guduma ta bugi bututu sau uku a cikin ɗaki ɗan ƙarami, ƙarar da za ta tayar da kowane jariri, amma babu abin da ya motsa. Moliehi kaɗai ya ji, da murya kamar ta mai maye, tana ce wa uwarta, "'M'e, ku yi a hankali, kaina."

Da aka zo haɗa gwiwa da guntun da ke cikin bango, ya ce, "Kafin ki rufe, leƙa ciki. Me kika gani?"

"Duhu."

Haka ya kamata, tunda gwiwar waje ta tare haske. "Sa hannunki a baki. Kina jin iska?"

"Hannuna ya mutu da sanyi, ko wuƙa ka sa mini ba zan ji ba."

A kowane gida, a nan Phakiso yakan tsaya. Yakan kunna kyandir ya kanga a bakin ramin ya ga inda harshen wutar ya karkata, ko ya zura sanda har ta taɓa ƙarshe. Ya buɗe baki zai ce a nemo kyandir, sai ƙanƙara ta fara sauka a kan hannun rigarsa, ƙanana, a tsaitsaye. Ya dubi duwatsun yamma, babu su, fari ya shanye. Da hannunsa ya kafa guntun nan kwana shida da suka wuce, ya san babu komai a ciki. Ya ce, "Rufe. Ki shafe mahaɗar da siminti, kada ki yi rowa."

Da ta gama ya ce a ɗauko jarida, shafi ɗaya tak, a murɗe, a kunna a can cikin murhun, don bututu mai sanyi sai an lallashe shi kafin ya fara ja. Ya ja da baya zuwa tsakiyar gida inda zai ga hular bututun sosai.

Abin da bai gani ba shi ne, tun 'Malimpho na shafa siminti Nkhono ta riga ta shirya murhun. A ɗakinta ba a ƙyasta ashana don takarda. Itace a wannan tsaunin sai an yi tafiyar wuni, wuta in za a hura a hura ta gaske. Ta cika cikin da busassun ƙirare, ta jera kashin shanu a kai, ta tura jaridar a ƙasa. 'Malimpho ta ce, "Ya ce takarda kawai." Tsohuwar ta ce, "Shi yana waje, mu ke jin sanyi," ta ƙyasta.

Phakiso yana kallon hula. Ya ƙirga numfashinsa har goma. Babu komai. Ashirin. Ƙanƙara tana sauka a kan hular tana zama, ba ta narkewa. Sai ya ga wani abu fari yana fitowa ta saman ƙofa, yana lasar karan nan biyu, yana kuma tsattsafowa ta gindin jinka.

"Ntate!" Muryar 'Malimpho ce. "Yana dawowa! Ta ko'ina yake fitowa!"

"Rufe bakin murhun! Ku buɗe ƙofa duka! Ku sauke yaron ƙasa!"

Moliehi ta fara tari, tari mai shaƙewa. Wani abu ya faɗi ya fashe. Hayaƙin da ke fitowa ya koma ruwan toka, mai kauri, irin na ɗanyen kashin shanu. Phakiso bai san lokacin da ya ratsa tsakar gidan ba. Ya dai tsinci kansa a bakin ƙofa, takalminsa a kan dokin ƙofa, Nkhono 'Makhauta a gabansa ta ware hannu biyu ta riƙe gefe da gefe, idanunta na zubar ruwa.

"Matsa, Nkhono."

"Ba za ka shiga ba."

"Matsa, ko in ɗauke ki!"

Ta dube shi, ta dubi ƙafarsa. Sai fuskarta ta canza, bakinta ya buɗe. "Ulu," ta ce. "Wayyo ni. Ulu ne. Ramin nan yana busa wa yaron iska, na cusa ulu, na tura da sanda har ciki. Na manta, Ntate, na manta!"

Ya juya da gudu ya zagaya bayan ɗakin. Tsaninsa na nan inda ya bari, ƙanƙara ta lulluɓe matakan. Ya hau, ƙafarsa ta zame, ya sake hawa. Ɗan murfin da ke gindin gwiwar waje noti biyu ke riƙe da shi, sukurudireba kuma tana cikin ɗaki. Ya laluba aljihu, babu komai sai wuƙar yankan taba. Ya sa bakinta a noti na farko, ya juya, ya fita. A na biyu wuƙar ta karye. Ya sauko ya ɗauki dutse ya koma, ya bugi murfin da ya ƙera da hannunsa har ya lanƙwashe ya faɗi.

Ya zura hannu. Bangon ya kai kamu biyu kauri. Ƙarfen yana da sanyi a baki, can ciki ya fara ɗumi, gaba kaɗan ya zama wuta. Ya tura har kafaɗarsa ta toshe ramin, kumatunsa a manne da dutse, yatsunsa suka taɓo wani abu mai laushi, mai danƙo, mai zafi. Ya kama, ya zame. Ya ji fatar bayan hannunsa tana kamawa a jikin ƙarfe, bai janye ba. Ya sake kamawa da farce, ya murɗa, ya ja. Dunƙulen ulu ya fito, baƙi ƙirin, girman kan ɗan rago, hayaƙi ya biyo shi ya bugi fuskarsa har ya kusa faɗowa. Ya yaye bargonsa ya dunƙule ya danna a inda murfin yake, ya riƙe da ƙirji.

Sai ya ji bututun ya yi wani gurnani a jikinsa, kamar dabbar da ta farka. Ya ɗaga kai. Hayaƙi yana fita ta ƙarƙashin hula, da fari a yayyage, sannan a miƙe, ƙanƙarar da ke kai tana narkewa tana ɗiga masa a goshi.

"Yana ja!" ya yi ihu. "'Malimpho! Yana ja?"

"Yana ja," ta amsa ta cikin bango.

"Yaron fa?"

Ya kasa kunne.

Ba zai iya sakin bargon ba, in ya saki bututun zai daina jan hayaƙi. Ya tsaya a kan tsani, goshinsa a jikin dutse, yana sauraro. Yana jin Moliehi tana kiran sunan Allah. Yana jin Nkhono tana fifita da wani abu, faifai ko murfin tukunya. A ƙarƙashin wannan duka yana jin muryar matarsa, ƙasa ƙasa, ba ta tsayawa: "Tashi mana. Kai, malalaci, tashi. Wa ya ce ka yi barci? Ba a gidan nan ba. Tashi in ga idonka." Daga baya ta faɗa mini ta kwance shi daga fatar tunkiyar da aka naɗe shi, ta durƙusa da shi a bakin ƙofa inda iska ke shigowa, tana murza bayansa da tafin ƙafarsa, ta kuma ce ba ta san da wa take magana ba a lokacin, da shi ko da waccan tata, Limpho.

Phakiso bai san tsawon lokacin ba. Ya ce hannunsa bai fara zafi ba sai daga baya. Abin da ya fara ji wani ɗan sauti ne kamar an taka ƙyauren da bai sha mai ba. Ya ɗauka ƙarfe ne. Sai ya sake, ya ƙara tsawo, ya tsinke, ya dawo da ƙarfi, kuka sosai, na fushi.

"Baban Limpho," in ji 'Malimpho ta bango. Rabon da ta kira shi haka tun suna da ƙuruciya. "Kana ji?"

"Ina ji."

"To sauko kafin ka faɗo ka ƙara mini aiki."

Bai sauko ba sai da aka miƙo masa waya da murfin gwangwani ya ɗaure ramin. Kafin duhu yaron ya kama nono. 'Malimpho ta kwana bakwai a ɗakin, ita ke hura murhun, ita ke hana Nkhono rufe 'yar kafar da ya ce a bari a saman ƙofa. Paola kuwa Phakiso ya ratayo shi a sirdi ya tafi da shi, tsohuwar tana kallo ba ta ce uffan ba, abin da mutanen Ha Mpeli suka ce ba a taɓa gani ba. Da aka zare kara bayan wata uku, uban yaron ne ya fara shiga, Phakiso na biyu. An ce bai dubi jaririn ba sai da ya gama bin mahaɗun matarsa da gashin kaza. Ta ce ya sami ɗaya ta ɗan karkace, ya buɗe baki, ya tuna sharaɗinta, ya rufe.

A rana ta uku a gidanmu, bayan ya zura sanda cikin guntun bangonmu sau biyu, ya sa ni ma na zura, muka zauna a tsakar gida muna kallon hayaƙin farko yana tashi. Tabon yana nan a bayan hannunsa na dama, fari, mai sheƙi, daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Na ce masa, "Ntate, da tsohuwar ba ta tuna da ulun ba, da ka shiga?"

Ya murza tabon da babban yatsa.

"Da na shiga," ya ce. "Da na ɗauke ta na ajiye a gefe na shiga, gari su yi ta magana har in mutu. Wannan ba ya damuna. Waccan yammar ce ke damuna, da na ga an ɗauki bokiti an shiga da shi wurin Limpho. A rami an sha faɗa mana abin da yake yi. Na sani sarai. Na tashi tsaye, na dubi karan, na koma na zauna."